Adama Uku, Layi Ɗaya

Litinin, 5 ga Oktoba, 1998, da hantsi

Baban Nana ya ce ya gaji da cin tuwo da miyar kamfani. Kullum aka zauna cin abinci maganata ke nan, to in sayi littafi in riƙa zuba masa. Ga shi na saya.

Luka ya bar aiki yau. Shekara huɗu shi ke gyara kwamfutoci, ni ina rubuta abin da ke cikinsu. Da kansa ya zo ya ajiye mabuɗin shago a kan teburi yana ta sosa ƙeya, wannan kam na yaba masa. Mutanen jar mota ne suka ɗauke shi. Ba zan rubuta sunan kamfaninsu a littafina ba, ya ishe su yadda suka liƙa shi a kowane bango daga tasha har Tudun Wada.

Daga Legas suke. Sun je wa Kwamitin Makarantun Al'umma da kyautar kwamfuta goma sha huɗu, kowace makaranta ɗaya, daga Gusau zuwa Tsafe zuwa Bungudu. Kyauta wai. Sharaɗin shi ne babu manhajar da za ta shiga ciki sai tasu, ranar da mai gyaransu ya tarar da ta wani kuwa su kwashe kayansu. Wannan “wani” ni ce, Wasila. Duk faɗin Zamfara wa ya taɓa rubuta wa makaranta manhaja in ba ni ba?

Rajista na sa mata suna, kuma a wannan shagon na rubuta ta, janareto yana tari ina tari. Makarantu tara cikin goma sha huɗun da ita suke aiki a tsofaffin injinansu: sunayen yara, makinsu, da jerin 'yan aji shida da za su zauna jarrabawar shiga sakandare. Ni na san yaran nan. Su ko hanyar Wonaka ba su sani ba. Ko a jikina.

Alhamis, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je Tsafe. Hajiya Luba, shugabar makarantar 'yan mata, ita ta fara karɓar kyautar, sai kunya ta sa ta aiko in zo in sha fura. Na sha, har na ƙara.

Injin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. In aka kunna shi har ɗan kiɗa yake yi, ga launi iri iri. Tawa baƙin allo ne da koren rubutu. Hajiya ta sa akawunta ya buga mini jerin 'yan aji shida don in ga yadda firinta ke gudu. Ni kuma hannuna ya saba, duk takardar da aka ba ni sai na ƙirga. Hamsin da takwas. Ni na shigar da yaran ajin nan bara da yatsuna, sittin da huɗu ne.

Ban ɗauki minti biyu ba na gano inda suka shiga. A nan idan uba ya kawo yaro, malami ya rubuta sunan yaron, ya rubuta na uban, ya liƙa sunan gari a ƙarshe. Ranar haihuwa kuwa kowa ɗaya ga Janairu, tunda babu mai takarda. To a ajin nan Adama Salisu Tsafe har uku ne, kuma a rajista duk rana ɗaya aka haife su. Injin Legas ya ga suna ɗaya da rana ɗaya, ya ɗauka mai bugawa ne ya maimaita, ya haɗiye biyu ya bar ɗaya. Haka ya yi wa sauran. A tawa akwai gurbin sunan gida, saboda na koyar shekara biyu kafin in je kwaleji, na san yadda ake kiran suna a aji: Adama Doguwa, Adama Ƙarama, Adama ta Gidan Liman.

Babu wanda ya ƙirga a ofishin nan. Wa zai ƙirga bayan kwamfuta? Hajiya ta tambaye ni yadda na gani, na ce mata ya yi kyau, na miƙa mata takardarta.

Juma'a, 9 ga Oktoba, da safe

Ba ni na rubuta ta ba. Ba ni na sayar ba.

Talata, 13 ga Oktoba, da azahar

Na je kantin Alhaji Sabiru sayen diski da ribon ɗin firinta, ya ce sun ƙare. Kwalin kayan yana bayansa, ina kallonsa yana kallona. Da na tsare shi da ido ya rage murya ya ce shi yanzu wakilin mutanen jar mota ne, kuma ya sa hannu a takarda cewa ba zai sayar wa mai wata manhaja ba. Shekara shida ina ciniki da mutumin nan. Na ce masa Allah ya ba da kasuwa, na ba direban Kano saƙo. Jibi kayana za su iso.

Bari in rubuta yadda abin zai tafi, don wata rana in karanta in yi dariya. Ranar Juma'a, 13 ga Nuwamba, ofishin jarrabawa zai rufe karɓar sunaye. Litinin da ke biye kwamiti zai zauna ya sa wa kamfani hannu na shekara biyar. A wannan zaman zan miƙe da tsofaffin takarduna a hannun dama, nasu a hannun hagu, in ce a ƙirga. Ba sai na ƙara ko kalma ɗaya ba. Dattawan nan sun fi kowa son 'ya'yansu, da kansu za su tura jar motar har bakin gari.

Yaran kuwa, za a buɗe musu. Dole ne. Wane ofishi ne zai bar yara masu yawa haka a waje?

Asabar, 17 ga Oktoba, da hantsi

Yau babbarsu ta zo da kanta, Madam Mercy. Na zaci 'yar Legas ce mai magana ta hanci, ashe a Sabon Garin nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa ɗanɗanon Gusau. Ta gaishe ni har da tambayar Nana, ta zauna a kujerar Luka kamar ta san tasa ce.

Aiki ta kawo mini. In riƙa koyar da malamai manhajarsu, da mota da ofishi mai fanka biyu. Abin da suke so kaɗan ne, in ji ta: in miƙa musu Rajista, kuma in sa hannu ba zan sake rubuta wa makaranta komai ba har shekara biyar. Na tambaye ta me za su yi da Rajista, tunda sun ce tasu ta fi. Ta yi murmushi ta ce za su adana ta.

Na ce, “Madam, ni ma ina da akwati a gida.”

Ta yi dariya sosai, ba ta ji haushi ba. Da za ta fita ta ce kamfaninsu ya shiga jihohi bakwai, kuma a kowace akwai mai irin shagona, yanzu duk suna tare da su ko sun koma buga takardun biki. Na raka ta har mota. Mace ce mai hankali, abin takaicin ke nan.

Laraba, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Mada, Wonaka, Magami. Uku a rana ɗaya sun karɓi kyautar. Hedimastan Magami ya rubuto mini wasiƙa shafi biyu yana ba da haƙuri, rabinta addu'a.

Malam Idris, hedimastan Bungudu, shi ne kawai ya ce a mayar da kyautar. Shi ya koya mini lissafi a aji biyu, shi ya fara karɓar Rajista lokacin da kowa ke cewa mace da inji sai dai keken ɗinki. An ce ya gaya wa 'yan kwamiti cewa kyautar da ke zaɓa maka baƙon da zai shigo gidanka ba ya son ta. Na ji daɗi har na saya wa Nana alewa ba dalili.

Saura sati uku da kwana biyar. Su tafi duka ma, za su dawo.

Alhamis, 22 ga Oktoba, da rana

Na ƙona miya. Zafin murhun ne.

Talata, 27 ga Oktoba, da yamma

An ce Magami sun aiko da jerinsu tun yau, saboda hedimasta yana tsoron hanya ta hana shi daga baya. Za a buɗe musu. Ba ni na rubuta ta ba.

Juma'a, 30 ga Oktoba, da safe

Takarda ta fito daga kwamiti. Bana ba za a sa wa jerin kowace makaranta hannu ba sai wanda ya fito daga manhajar kamfani, wai don aiki ya zama iri ɗaya. Ban san wanda ya rubuta musu takardar ba, amma na san turancin ba na sakataren kwamiti ba ne.

Wato Malam Idris ma an ɗaure shi. Ko ya karɓa, ko yaransa su zauna a gida.

Ban yi kuka ba. Na share shago, na goge injina, na buga wa wani ɗan kwangila takarda shafi goma sha biyu ba kuskure ko ɗaya.

Litinin, 2 ga Nuwamba, da azahar

Na je Bungudu kwashe diskokina, na tarar da Luka yana haɗa sabon inji, sanye da jar riga mai tambari. Ya rame. Ya ce, “Anti, ina wuni,” na ce lafiya, na tambayi Saratu matarsa da jariri. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya sunkuya ya ci gaba da murɗa waya. Ni ma ina da abin da zan murɗa, na murɗa.

Masu girbin dawa sun cika hanya, motarmu ta yi ta tsayawa. Na iso gida da ciwon kai.

Laraba, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Malam Idris ya zo shago. Tsoho ya hau motar haya tun daga Bungudu don takarda shafi uku. Ya zaro ta daga aljihun babbar riga, ya lallaɓa ta a kan teburina.

“Ɗiyata, idanuna sun tahi, kuma wanga inji ban san halinai ba. Ke ɗai niy yarda da ke. Duba mani kahin in sa hannu.”

Na duba. Tun a shafin farko na ga Salisu Idris Bungudu ɗaya, alhali biyu ne, na Kanwuri da na Bayan Kasuwa. Na ce masa ya bar mini ita in duba a tsanake, akwai sauran lokaci. Ya yi ta sa mini albarka har ya fita.

Bakwai ne babu.

Alhamis, 5 ga Nuwamba, da safe

Takardar tana cikin jaka. Jakar tana rataye a ƙusa. Kwana goma sha ɗaya ne kawai.

Juma'a, 6 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Ban so in rubuta wannan ba.

Baban Nana ya taɓa aiki a ofishin jarrabawa kafin a ƙirƙiro jiha. Muna cin abincin rana na tambaye shi, kamar da wasa, in an manta sunan yaro yaya ake ƙarawa daga baya. Ya ce ba a ƙarawa. Da zarar an buga wa jerin makaranta hatimi an sa a buhu, ya tafi ke nan, a kan adadinsa ake bugo takardun tambaya da katin zama. Ya ce a gabansa wani hedimasta ya yi kuka da hawaye a kan yara huɗu, ba a buɗe ba. Na ce ai in yaran sun kai hamsin ko sittin dole a buɗe. Ya ce ko ɗari ne.

Sai ya ajiye cokali ya dube ni. Shekara tara da aure, ya san tambayata ta wasa da wadda ba ta wasa ba. Na gaya masa. Na gaya masa da tsari mai kyau, yadda suka toshe mini kanti, yadda suka ɗauke Luka, yadda suka juya kwamiti, yadda in ban kayar da su ranar Litinin ɗin nan ba babu mai sake rubuta wa makaranta ko layi ɗaya a jihar nan. Duk gaskiya ne, kuma bai musa ko ɗaya ba.

Abin da ya ce kawai, “In da Nana na cikin bakwai ɗin nan fa?”

Ya wanke hannu ya fita, bai gama cin abincin ba. Na ji haushinsa ƙwarai, har yanzu ina ji.

Asabar, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Luka ya zo, ba jar riga. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo sai da na ce ya shigo, kujerarsa ba ta cizo.

Ashe ya sani. Tun satinsa na farko ya gani a Tsafe, ya rubuta rahoto, Madam ta aika Legas. Amsar da ta dawo ita ce za a gyara a sabuwar manhajar da za ta fito a Janairu, kuma kada wanda ya ɗaga maganar kafin kwamiti ya sa hannu. Wanda ya ɗaga, ƙofa a buɗe take. Ya ce sati uku ba ya iya cin abinci, jiya a coci ana addu'ar yara ya tashi ya fita.

“Anti, na zo ne in gaya miki don ke ba ki sani ba. Da kin sani da tuni kin tayar da garin nan.”

Na tashi na zuba masa ruwa, don kada ya ga fuskata.

Wato mu duka uku muna zaune a kan abu ɗaya. Su suna jiran Litinin ta wuce, ni ina jiran Litinin ta zo. Na daɗe ina ce wa mutanen nan marasa imani, kuma ban janye ba. Sai dai yau kalmar ta yi mini nauyi a baki.

Na tambaye shi ko za mu iya zagayawa mu gyara da kanmu. Ya ce jerin da aka riga aka rufe a injin ba ya buɗuwa sai da lambar sirri, kuma lambar tana hannun Madam ita kaɗai. Hedimasta da injinsa a ofishinsa, da yaransa, amma ba shi da ikon ƙara suna ɗaya.

Litinin, 9 ga Nuwamba, da azahar

Na je ofishinsu. Fanka biyu ne kuwa, ba ta yi ƙarya ba.

Ban yi dogon bayani ba. Na ajiye mata takardar Bungudu, sunaye bakwai da jan biro a gefe. Na ce ina da diskokin makarantu tara, sauran biyar akwai rajistarsu ta hannu. Ta ba ni lambar, ta ba ni Luka da mota kwana uku, in mayar da kowane yaro layinsa. Dabarar ba wuya: a liƙa sunan gida a jikin sunan yaro, injin ya ga sun bambanta ya ƙyale su.

Ta karanta takardar. Ta ce in na kai maganar gaban kwamiti yau, Legas za su ce ƙarya ce, su turo lauya, a yi ta ja har Juma'a ta wuce, lambar kuma ba za ta fito ba. Ta faɗe shi ba da gatse ba, kamar mai gaya maka farashin gero. Sannan ta ce za ta bayar, a bisa abu ɗaya.

“Ranar Litinin ki zamna wurinki. Ba a yi komi ba, ba ki ga komi ba. Ki rantse mani, ni kau in ba ki.”

Na ce in na ƙi fa? Ta ce to ni na sani, ita tana da 'ya'ya uku a makaranta, ba za ta jefar da aikinta a banza ba.

Na rantse. Ta rubuta lambar a bayan katinta, ta miƙo mini. Na karɓa na sa a jaka.

Talata, 10 ga Nuwamba, bayan magariba

Tsafe, Mada, Wonaka, da biyu a cikin gari. Yara ashirin da shida. Adama uku sun koma uku. Muna ce wa shugabanni duba na ƙarshe ne kamfani ke yi, suna ta yaba wa kamfani. Hajiya Luba ta ce ta ji daɗi da na haɗa kai da su. Na ce ai zaman tare ya fi.

Wasila a cikin jar mota, gaban kowa. Alhaji Sabiru ya hango ni har ya cire hula.

Laraba, 11 ga Nuwamba, bayan magariba

Goma sha tara. A makarantun da ban taɓa yi wa aiki ba sai da muka shiga aji muka ce masu suna ɗaya su miƙe, sannan muka tambayi yara yadda ake kiran kowa. Sun fi malamansu sani. Wani an ce masa Na Tsohuwa, wata an ce mata 'Yar Mai Ƙosai, haka muka buga, haka kuma zai fito a katin jarrabawa. In sun zama gwamnoni su canja.

Na iya aikin nan. Duk abin da ya faru, na iya aikin nan, kuma babu wanda ya iya shi kamata.

Alhamis, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Goma sha shida, har da bakwai na Bungudu. Malam Idris kam ba a yi masa ƙarya, ya ga jan biro ya gane. Na roƙe shi ya riƙe a cikinsa, na ce akwai rantsuwa a kaina. Ya riƙe hannun rigarsa yana share ido, yana cewa da ba don ni ba da ya sa hannu a kan yara bakwai.

Sittin da ɗaya a makarantu goma sha uku.

Na buɗe diskin Magami. Ɗaya ce. Sa'adiya Abdullahi Magami biyu ne a aji shida, ta Bakin Rijiya da ta Gidan Sarkin Noma.

Juma'a, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Na je ofishin jarrabawa tun kafin a buɗe. Akawun ya duba littafinsa ya ce buhun Magami ya tafi tun 28 ga Oktoba. Na roƙa. Na kira sunan Baban Nana, abin da ban taɓa yi a wani ofishi ba. Na ce yarinya ɗaya ce tak. Ya ce ya sani, Hajiya, kuma ya tausaya, amma ba shi da buhun.

Litinin, 16 ga Nuwamba, da yamma

An sa hannu. Shekara biyar.

Na je, na zauna a layi na biyu da sabon mayafi. Shugaban kwamiti ya ce bana ne karo na farko da aka kai sunaye babu ƙorafi, wannan shi ne amfanin aiki da manya. Aka tafa, na tafa. Madam Mercy ba ta dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Tsofaffin takarduna suna cikin jakata, ban san abin da ya sa na je da su ba.

Rajista ta gama aiki a makarantu. Na faɗa, na rubuta, ban mutu ba. Ban sa musu hannu a komai ba, kaina kuma yana wuyana. Ƙananan asibitocin garin nan duk da katin kwali suke neman majiyyaci, su ma sunayen nan ne dai iri ɗaya. Na riga na zana shafin farko a bayan takardar taron. Kafin jar mota ta gano hanyar asibiti na yi nisa.

Laraba, 18 ga Nuwamba, da safe

Baban Nana ya cinye abincinsa jiya har ya nemi ƙari. Sittin da ɗaya ba wasa ba ne, in ji shi. Haka ne. Sittin da ɗaya.

Asabar, 21 ga Nuwamba, bayan azahar

Malam Idris ya zo gida da zabi biyu da ƙwaryar sabon gero, wai iyayen yaran bakwai ba su san komai ba amma shi ya sani. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, Nana ta kawo ruwa.

Shi ya kawo maganar Magami, ban tambaya ba. Hedimastan can ɗalibinsa ne. Da ya gane layi ɗaya ne ga yara biyu, ya kira iyayen ya ce su zaɓa, tunda katin kowacce ta riƙe zai yi. Uban ta Bakin Rijiya ya ji nauyin ɗaya Abdullahin, saboda ya girme shi kuma a gonarsa ya koyi noma, ya ce a ba 'yarsa. To ta Bakin Rijiya ita ce ta ɗaya a ajin tun daga aji uku. Na ce ai sai ta zauna baɗi. Malam ya girgiza kai. A takarda ɗaya ga Janairu za ta cika sha uku, kuma wanda ya cika sha uku ba ya zama. An ce ita ba ta yi kuka ba, ta dai tambayi hedimasta ko za a bar mata littafin lissafinta.

Sai ya ce kada in sa abin a raina, ƙaddara ce, ai na yi iyakar yina. Ya ce Allah ne ya sa na gane da wuri, da abin ya fi haka.

“Wai ni ɗiyata, yaushe ma kig gane?”

Amsa tana nan a shirye. Ranar da kuka kawo mini takarda, Baba Malam. Shi da kansa ya ba ni ita, Luka zai shaida, Baban Nana ba zai tona ni ba. Rantsuwata ga Madam ma ba ta shafi wannan ba.

Na ce, “Takwas ga Oktoba, Baba Malam. A Tsafe.”

Malamin lissafi ne. Na ga leɓɓansa suna motsi, daga takwas zuwa ashirin da bakwai, ranar da Magami suka aiko da jerinsu. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban kawo ba, duk da ina da su da yawa kuma masu kyau. Ya daɗe yana kallon zabin nan da ke ɗaure a gefen tabarma. Sannan ya jawo takalmansa ya sa, ya dafa bango ya miƙe, bai yarda na kama shi ba.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

“Litinin za ni Magami in ga uban yarinyar. Shina cewa ikon Allah na, ba laihin kowa. Ki shirya mu tahi tare. Ke za ki gaya mashi, gaban ɗiyar.”

Na ce to.

Motar Magami ƙarfe bakwai take tashi.